Baƙin Mai a Tafkin Shanu

Tun da ɓarayi suka kore wa Haladu rabin garkensa bara, ya daina yarda da baƙuwar fuska. Makiyayi ne a wata ruga kusa da Mawashi, kuma da nonon shanun da suka rage masa gidansa ke ci.

Da damina wata tankar baƙin mai ta kife a bakin kwalbati, man ya bi ruwan sama ya gangara tafkin da yake shayarwa. Da hantsi ya koro shanu, sai ya tarar an kewaye tafkin da igiya. Ga wasu mutane rataye da madubin hangen nesa, suna tsamo balbelu da kirinjijiya waɗanda mai ya manne wa fukafukai, suna wanke su da sabulu a cikin robobi.

Wata mata a cikinsu ta tare shi da sallama. Ta ce sunanta Shamsiyya, malamar makaranta ce a Kusada, ita da abokan aikinta sun daɗe suna zuwa kallon tsuntsayen tafkin.

“Baba, don Allah kada su sha. Ruwan nan ya gurɓace.”

Haladu ya dubi madubin, ya dubi shanunsa. “Tsuntsu kuke kallo ko shanuna kuke ƙirgawa? Wa ya turo ku?”

“Ba wanda ya turo mu, Baba. Ko can tsallake da kake ganin ruwan garau, mun tsinci matattun tsuntsaye da safen nan. Ka daure ka kai su rijiyoyin garin Ƙofa.”

“Ahaf! In bi daji da su, inda mutanenku ke jirana ko?”

Ya zagaya tsallake, ya sa adda ya datse igiyar, shanu suka sha suka ƙoshi. Da ya koma ruga har gargaɗin maƙwabta ya yi, wai su yi hankali da masu madubin nan, 'yan leƙen asirin ɓarayi ne.

Washegari shanun suka ƙi kiwo. Ciki ya kumbura, yawu na dalala, ga baƙin zawo. Har a lokacin Haladu rantsuwa yake baƙin nan ne suka zuba wani abu a ruwan. Sai da likitan dabbobi ya zo ya farke saniyar da ta fara mutuwa, warin mai ya bugi kowa. Haladu ya zauna daɓas a ƙasa.

Tsuntsayen da aka wanke, da yawansu sun warke sun tashi. Shi kuwa Haladu, masu shayarwar cikin garkensa duk suka mutu, aka bar shi da maruƙa suna kuka a turke.

Jama'a, taka-tsantsan da baƙo ba laifi ba ne a wannan zamani, amma kada zargi ya hana mu bincike. In an gargaɗe mu kan ruwa, mu dakata mu tambayi mai unguwa ko likitan dabbobi, domin gubar da ta kashe tsuntsu tana iya kashe dabba da mutum.