Baba Ƙanƙara

Sabuwar manaja ta tarar da shi yana jera katan-katan na kifi a ɗakin sanyi, hannuwansa sai kakkarwa suke yi.

"Baba, dubi yadda kake *shiver*!" Yarinya ce mai kirki, matsalarta ɗaya, ba ta iya kai ƙarshen magana ba ta tsoma Turanci ba. Da ta ga ya zuba mata ido, sai ta fassara: "Rawar ɗari ke nan, irin wadda sanyi ke sa mutum."

"Kowa a nan yana yin ta," ya ce. "Ki ɗan ƙara tsayuwa ki gani."

Ba ta ƙara ba. Ta fita haƙoranta na haɗuwa.

Baba Ƙanƙara ma'aikata ke kiransa. Shi ke riga kowa shiga, shi ne ƙarshen fita. Shayinsa ma a ciki yake sha, a tsaye, a bayan katan. In ya fito kuwa hannuwa na cikin aljihun rigar sanyi, gaisuwa sai dai da ka. Samarin wurin na tsokanarsa, wai da hali da ya auri firiza.

Abin ya tsaya wa manaja a rai. Ta sa aka ajiye masa kujera a kanta, wato teburin da ake sayar da kifi, ga fanka, ga rediyo. Aikin kawai ya ɗora kifi a sikeli, ya ƙulla a leda, ya miƙa wa mai saye. Da wani ne aka ba wannan aikin, da rawa zai karɓa.

Baba ya ƙi ko kallon kujerar.

Ta lallashe shi, ya ƙi. Ta turo abokan aikinsa, suka dawo da kunya. Ranta ya ɓaci, ta kira shi ofis ta ce ya zaɓa, ko kanta ko gida.

Bai zauna ba, bai kuma ciro hannu ba.

"'Yata, na taɓa yar da katan? Kifi ya taɓa lalacewa a hannuna? Ke da bakinki kika ce sanyi ne ke kawo abin nan naki na Turanci. To sanyin ai nawa ne, ban kawo ƙararsa ba. In kora ce, ki kore ni daga inda nake."

Ta daɗe tana kallonsa. Daga ƙarshe ta sauke kai, ta ce a ba shi sabuwar safar hannu.

Ranar ya koma gida cikin zafin rana, gumi ya jiƙe masa riga. Ya shiga ɗaki, ya tura ƙofa da ƙafa. Matarsa ta kawo ruwa, ta kafa masa kofin a baki kamar yadda ta saba tun bara.

Sai a lokacin ya ciro hannuwansa, suna ta kakkarwa a cikin wannan zafin, domin ciwo ne ba sanyi ba, kuma ɗakin kifi ne kaɗai inda mutum zai yi rawar jiki ba a sallame shi ba.