Yajin Barau a Inji Biyu

Da safe muka tafa da Nafi'u mai gyaran inji. Doka ta ce abu ɗaya ake yi wa injin sana'a, ko tagwai ko ajiya. Ni ajiya gare ni, wato kwafin duk abin da injina ya sani, wadda ake ɗauka duk Juma'a a adana.

Ya ce, "Baba, ajiya ta tsofaffi ce. Tagwai a Gusau zai zauna, duk abin da injinka ya yi nan take zai yi. Ko gobara aka yi, ciniki ba zai tsaya ba."

Na ce ya goge ajiyar ya haɗa tagwan.

Injin nan shi ke haɗa mini yajin kilishi. Yayana Barau ya shekara uku yana koya masa kafin ya rasu, ni kuwa ban taɓa sanin awon ba.

Da azahar na ɗanɗana yajin na ji shi lami, na manta mura nake yi. Na sa injin ya ƙara gishiri da citta har sau huɗu. Matata Hajiya ta lasa ta tofar. Na ce wa injin ya rage, ya tambaye ni awo nawa. Ashe sabon awo ya shafe tsohon.

Na kira Nafi'u. "Mayar mini da na jiya!"

"Babu jiya, Baba. Amma tagwan lafiya lau yake."

"Lafiyar uban wa? Shi ma gishirin ya zuba?"

"Daidai da naka, ko ƙwaya bai kuskure ba."

Har da alfahari ya faɗa, ɗan banza.

Nafi'u ya ci riba, ya samu inji biyu da zai riƙa dubawa. Ni na yi asarar hannun Barau, a nan da Gusau, lokaci guda.