Wayar Fitilun Baya

Fis na uku ya ƙone a hannun Malam Garba, sai 'yan tashar Tsafe suka fara dariya.

Farar Fijo ce ta mutu a bakin titi ranar kasuwa, daidai gaban rumfarsa. Lokacin wahalar mai ne, kowa ya ɗauka tanki ne ya bushe. Ba shi ba ne. Mai yana nan. Wuta ce ba ta kaiwa fulogi.

Garba ya daɗe yana gyaran wayar mota, tun Zamfara na ƙarƙashin Sakkwato. Yanzu hannu na rawa, ido ya yi rauni. Shugaban tasha ya riga ya gaya masa: in aiki ya sake gagararsa, Hamza za a ba rumfar. Hamza kuwa a hannun Garba ya koyi sana'a. Ga shi nan cikin 'yan kallo, ya harɗe hannu.

"Baba, miƙo filayar in taimake ka, kada ka ƙone wa bayin Allah mota."

Garba ya ci gaba da aikinsa.

Ya duba batir, da cajinsa. Ya kankare kawunansa ya ɗaure tam. Ya gwada kwayil, lafiya lau. Amma da an murɗa makulli, fis sai ya yi tas. Wani lokaci nan take, wani lokaci sai injin ya kusa kamawa. Wannan ne ya dame shi. Bai taɓa ganin lalatacciyar waya mai jira ba.

Direban, wani mai babbar riga da ya ce sunansa Alhaji Attahiru, sai duban hanya yake. Daga Bungudu suke, in ji shi, Funtuwa za su, ana jiransu. Abokin tafiyarsa kuwa yana bayan motar. Yana zaune a kan but, ya ƙure rediyon hannu, ga injin niƙa na ruri a gefe.

Garba ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana bin wayoyi da yatsa. Can ya gano. Wani ya taɓa yi wa motar gyaran ganganci, ya haɗa wayar fitilun baya da ta kwayil a kan fis ɗaya.

"Ciwon a baya yake," in ji shi. "A buɗe but."

"Makullinshi ya ɓace," in ji Attahiru.

"A ɓalle."

"Kayan mutane na ciki, Malam. In ba ka iyawa ka faɗi. Ga wanga ya ce shina iyawa."

Hamza ya matso. Shugaban tasha ma ya taso daga benci.

Garba ya san aikin kirki: a bi waya har inda ta lalace, a gani da ido. Da mari ya koya wa Hamza haka. Amma idon tasha duk yana kansa. Ya ɗauki filaya, ya datse wayar baya tun daga ƙarƙashin sitiyari, ya naɗe bakinta da tef. Ya sa fis ɗin da ya rage masa.

"Murɗa."

Mota ta tashi, ta zauna daram.

Tasha ta ɗauki ihu. Shugaba ya dafa kafaɗarsa.

"Tsoho, rumfarka ce har ka mutu."

Hamza ya sulale. Attahiru ya cusa wa Garba kuɗi ba tare da ciniki ba, abokinsa ya diro daga but ya shige gaba.

"Ba ku da fitilar baya yanzu," in ji Garba. "Kada dare ya same ku."

"Kafin dare mun sauke kayan."

Garba ya tsaya yana goge hannu, yana kallon motar har ta bar gari ta shiga daji. Rabon da ya ji daɗi haka an jima.

A cikin but, matse tsakanin buhuna, Lukuman, ainihin mai motar, baki cushe da tsumma, hannu ɗaure ta baya, yana ta goga wayar fitilun baya da ya fizge a jikin ƙarfe don ya hana motar tafiya, bai san an yanke mata wuta ba.