Alidu Ya Gaji da Duniya

Da ƙosai cike da baki Alidu mai albasa ya faɗo ofishin Malam Mas'udu, ya ce shi fa ya gaji da duniya.

Ofis dai sunansa ofis. Ɗan ɗaki ne a bayan wani ƙaramin asibiti a unguwar Maamobi, kujera biyu da fanka mai tari kamar tsohon mashayin taba. Malam Mas'udu nas ne, aka tura shi kwas ya koyo sauraron masu damuwa. Da ya dawo, ba wanda ya huta. Kasuwa da ƙofar masallaci duk ya bi yana karantar da mutane yadda ake gane wanda rayuwa ta isa. Hajiya Damata mai shinkafa da wake ta fi kowa shan karatun, don a kan bencinta yake yi, da cokali a hannu.

Tun rasuwar matar Malam bencin ya huta. Ranar da Alidu ya faɗo ma, tattara tebur Malam yake. Maigadin asibitin ya tashi da sa'a, Malam ya ba shi rediyonsa mai kaset, wanda ƙanensa ya kawo masa daga Agege. Hajiya kuwa gaisuwa ta samu doguwa, har da a yafe wa juna.

Ya ture kwalin da yake cikawa, ya zauna. Aiki aiki ne.

"Alidu, abin da ka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Sai in ranka na cikin haɗari, to dole in nemi taimako, kuma kai zan fara gaya wa. Yanzu ba kewaye-kewaye. Kana tunanin kashe kanka?"

Ƙosai ya tsaya wa Alidu a wuya. "Haba Malam! Haka ake tambayar, gatsau?"

"Haka ake yi. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin, baki take buɗe masa."

"To, ni dai na gaji. Sauran sai gobe."

Dokar Malam ce, mai irin wannan magana ba ya fita sai ya yi alkawarin dawowa, shi ma Malam ya yi alkawarin za a same shi. Suka tafa. Alidu ya ce tafi aikin 'yan ƙwallo ne, sai dai Malam ya ce wallahi. Malam ya dubi kwalin da ya ture, sannan ya ce wallahi.

Washegari sai ga majinyaci da kwano biyu daga wajen Hajiya, da miyar yaji ta shito da dafaffen ƙwai. Wai abinci ba ya wuce masa in shi kaɗai ne ke ci. Dole Malam ya sa hannu. Mai gajiya da duniya ya suɗe nasa tas, ya bi ƙwan Malam da ido.

"Wa ke kwana da kai a gida?" Malam ya tambaya.

"Ba kowa. Awabu ta tafi biki Kumasi."

"Matarka? Ai kamar na hange ta ɗazu a bakin famfo."

"Ƙanwarta ce. Gidansu fuska ɗaya aka raba musu."

To, ba a barin mai irin wannan hali shi kaɗai. Kafin la'asar Alidu ya naɗo tabarma da buta ya tare a ɗakin Malam a unguwar Nima. Bai gama shimfiɗa ba ya tuna wata doka: ai Malam ya ce a kan kwashe duk abin haɗari daga inda majinyaci yake kwana. Malam ya daɗe a tsaye gaban kabad ɗinsa. Daga baya ya kwashe komai a leda, aka kai wa Hajiya ajiya.

Munsharin Alidu kuwa, sai ka ce motar doya tana hawan tudu. Abin mamaki, Malam da barci ya yi wa yaji wata da watanni, a cikin wannan ƙarar ya dawo masa.

Malam ya san iyakar iyawarsa, sai ya ce a je wajen babban likitan ƙwaƙwalwa. A ƙofa Alidu ya turje. "Ni allura nake tsoro. Ka fara shiga, in ka fito da rai sai in bi."

Malam ya shiga don ya yi bayanin majinyacinsa. Aka kira azahar bai fito ba. Da ya fito idonsa ja, amma kafaɗarsa kamar an sauke mata buhu. Alidu na zaune cikin ɓawon gyaɗa, ya ce ai likita ya gaji yau, sai wani mako. Wani makon ma haka aka yi, da na bayansa.

Kafin damina ta wuce Malam ya cika kumatu, har yana rarrashin maigadi ya ara masa rediyo ya ji wasan ƙwallo. Ran nan a kan bencin Hajiya ya dafa Alidu, ya ce masa ya samu sauƙi, Allah Ya tsare gaba. Ya tafi yana jin kansa gwani. Ya kai kwanar titi ya tuna ya bar hularsa, ya dawo ta bayan rumfa.

"Hajiya, don Allah a sallame ni," ya ji Alidu na cewa. "Albasata na ruɓewa a kasuwar Agbogbloshie, Awabu kuma ta gaji da zama ƙanwar kanta."

Hajiya Damata ta ƙara masa ƙwai. "Ka ƙara haƙuri sai likita ya ce ya warware. Shi da bakinsa ya koya mana a kan bencin nan: duk wanda ya kyautar da abin da ya fi so, ya bi mutane yana neman gafara ba Makka za shi ba, kada a bar shi shi kaɗai."