Hannun da Ba Safa

Fitilar maki ta kama, ƙanwarta ta cinye ta a wasan ƙarshe na gasar takobi ta birnin Adelaide. Shekara ashirin yayar tana wannan wasa. Wannan bahaguwar kuwa bara ta fara, amma ta gagari kowa, don ba a saba da suka daga hagu ba.

Bisa al'ada, da hannun da ba safa ake gaisawa, ba mai riƙe takobi ba. Ƙanwar ta miƙo dama tana dariya.

"Yaya, wannan hararar fa? Haka aka haife ni."

Yayar ta miƙa hagu, ta ƙura masa ido. Hannun da kakarsu ta yi ta duka da cokalin katako har ya saki fensir. Kafin a haifi ƙanwar, tsohuwar ta rasu.

"Ni ma," in ji ta.