Takardar Jinin Luqman

Layi na bakwai ne kullum yake kayar da Hajiya Asiya. Takardar ta'amin, wato inshorar lafiya, tana tambaya ko mai wannan suna yana da wata tsohuwar cuta. Ga akwatin "e", ga akwatin "a'a".

Kamfani biyu ta faɗa wa gaskiya, cewa babban ɗanta Luqman yana fama da ciwon ƙoda. Na farko suka ce za su kira ta, har yau shiru. Na biyu suka tarbe ta da fara'a, suka ce za su ɗauki nauyin komai a jikin Luqman ban da ƙoda. Ta tambaye su ko mura aka ce musu ta kawo ta, ta kwashi takardunta.

Kafilinsa kuwa, wato ubangidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, tuni ya zame jiki, ya ce kowa ya nemi nasa. Saura kwana goma sha ɗaya iƙamar Luqman, takardarsa ta izinin zama a ƙasar, ta ƙare, kuma ba a sabunta ta sai da ta'amin. Babu iƙama, babu ta'amin, ba ta san asibitin da zai ɗora shi kan injin wankin ƙoda ba. Mutumin da aka haifa a nan unguwar Jarwal, Kano ma a bakin uwarsa yake jin ta, ina za a kai shi? Haka ubansu ya tafi, ƙafa a kumbure, tana kallo. Tsoro ya hana ta cin abinci.

Abu ɗaya yake riƙe da zuciyarta, ƙaninsa Muhsin. Shekara guda ce tsakaninsu, kuma dukansu sun kwaso ubansu kaf, goshi da hanci har tafiya. Muhsin keken tsofaffi yake turawa tsakanin Safa da Marwa, yini guda ba ya haki.

"Ummi, ke dai ki samo ta'amin," in ji shi. "Wallahi ƙodata ɗaya tasa ce, halas, magana ta ƙare."

A kamfani na uku ta sa alama a "a'a". Shekara talatin tana sayar da carbi da turare a bakin titi, ba ta taɓa sayar da carbin roba a matsayin na itacen sandal ba, ranar nan sai ga ta ta yi ƙarya da biro. Ma'aikacin ya karanta, ya ce madalla, saura gwajin jini a wani ƙaramin asibiti da suke hulɗa da shi a unguwar Zahir.

Ta cika gida da jarkokin zamzam. Ta yi ɗawafi har ƙafafunta suka yi bororo. Muhsin ya yi umara yana roƙa wa ɗan'uwansa sauƙi, ya dawo kai ƙwal, har gemun ya rage. Maƙwabta suka ce Hajiya na son ta wanke jinin ɗanta da addu'a kafin likita ya gani. Ba ta musa musu ba.

Ranar gwajin Muhsin ne ya tsayar da tasi. A asibitin, mai karɓar baƙi ya dubi hoton da ke kan iƙamar, ya dubi fuskar da ke gabansa, ya yi hamma. Sau biyu aka kira sunan Luqman, sai da ta zunguri ɗanta sannan ya miƙe. Ya fito da auduga a hannu yana murmushi, ita kuwa istigfari take ta yi.

Bayan kwana uku, da azahar, ta koma ita kaɗai. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ciwo ya koya mata lamba guda a takardar jini. Ta mai lafiya ɗaya ce. Ta Luqman, a watan jiya, bakwai. Lamba ɗayan nan ta zo gani.

Likitan ya juyo mata da takardar, ya ɗora yatsa. Huɗu.

"Ya Hajja, kamfani ba zai karɓi wannan ba," ya ce. "Amma bar zancen kamfani. Ƙodojin ɗanki duka biyun sun kusa gajiya. Tun yaushe yake ciwo?"

"A sake dubawa, likita. An haɗa da jinin wani."

"Sau biyu muka gwada."

"Ko ciwon kai ba ya yi," ta ce. "Na rantse da Ɗakin nan."

Likitan ya yi mata kallon wanda ya saba jin rantsuwar masu neman ta'amin. Ya ce irin wannan ciwo gado ake yi, yana daɗewa bai nuna kansa ba, ta kawo shi gobe-goben nan.

Ba ta san yadda ta iso Jarwal ba. A matakalar gidan ta zauna sau biyu, takardar a dunƙule cikin mayafi. Daga ciki tana jin tarin Luqman, wanda yau wata guda ke nan bai iya sauka wannan matakala ba.

Muhsin ne ya buɗe ƙofa, fuska a sake.

"Ummi, ta fito? Ɗaya ce, ko? Ai na gaya miki ba za su gane ni ba."

Hajiya Asiya ta kama hannunsa ta ƙanƙame, idonta a kan ɗan baƙin tabon da allurar Zahir ta bar masa.