Ranar da Sabis Ya Ɗauke

Tun da hantsi wayoyin garin suka mutu, amma sai da rana ta karkata motar kamfani ta iso da Injiniya. Mai gadi ya miƙe da fara'a zai gaishe shi, sai ya dubi Dogo, mutumin da ya rako shi, ya haɗiye gaisuwar ya buɗe ƙofa.

A bakin ofishin jama'a sun yi cincirindo. Wata tsohuwa na ɗaga wayarta sama tana kuka, wai ɗanta na asibiti ba ta san halin da yake ciki ba. Injiniya ya sunkuyar da kai ya wuce.

Manaja ya tarye shi a matakala, rigarsa sharkaf da gumi. Injiniya ne ya koya masa aiki, har yau kuma bakinsa ba ya iya kiran sunansa.

“Oga, babbar rauta ce ta ƙone. Bankuna, asibitoci, layin kiran agaji, komai ya tsaya. Sabuwa sai an yo odarta daga waje.”

“Zan duba,” in ji Injiniya. “Amma in na gama, za ka ara mini wayarka. Kira ɗaya.”

Manaja ya saci kallon Dogo, sannan ya gyaɗa kai.

Ɗakin na'urori na nan yadda ya san shi, sanyi kamar cikin firiji, sai dai yau ƙaurin roba ya cika shi. Rautar, wadda ke karɓar kowane kira da saƙo ta nuna masa hanya, ta yi baƙi ta gefe guda. Ma'aikata suka dare masa, kowa na kallon takalminsa. Wata da suka shekara goma suna aiki tare ta ajiye masa ruwa da burodi. Ya cinye a tsaye, bai bar ko ɓurɓushi ba.

Ya zauna gaban kwamfuta. Yatsunsa sun yi tauri, sai da ya yi ta kuskuren bugu kafin hannun ya tuna. Ya auna zaren faiba, siraran wayoyin da ke ɗauke da saƙo a cikin haske, ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu lau, haske na gudu a cikinsu, wurin sauka ne ya rasa. A ɗakin ƙasa kuwa akwai tsohuwar rauta da shi ya hana a sayar. Idan aka karkatar da hasken zuwa gare ta, za ta iya ɗaukar rabin garin.

Suka sauka, Dogo na biye da shi taku da taku. Injiniya ya durƙusa yana cire zare yana sokawa, zuciyarsa na can gida. Ganinsu na ƙarshe da matarsa ta ce masa cikin 'yarsu ya tsufa, likita ya ce haihuwar ba za ta zo da sauƙi ba. 'Yar fari ce, ita ke riƙe masa tocila tana ƙarama in yana gyaran rediyo. Watan ya kama, bai ji komai ba.

Tsohuwar na'urar ta tashi da gurnani, ta yi tari, ta mutu. Ya sauya mata katin wuta. Ta sake tashi, fitilunta ja wur.

“Oga, daga sama an ce a fara ba bankuna,” Manaja ya ce a hankali.

“Asibiti da layin agaji tukuna. Wanda bai yarda ba ya zo ya zauna nan.”

Ba wanda ya zo. Ya ci gaba da buɗe hanyoyin, unguwa bayan unguwa. Fitila ɗaya ta koma kore, ta biyu ta bi ta. Can sai wayar Manaja ta yi ƙara a aljihu, ta wani ma ta ɗauka, ɗakin ya kaure. Daga waje aka ji ihun jama'a. Ma'aikata na rungumar juna, shi kuwa hannu kawai ya miƙa.

Lambar matarsa na kansa. Ta ɗauka a bugun farko, bayanta ana jin muryoyin mata da yawa.

“Ni ne,” ya ce.

“Baban yara, sai haƙuri. Tun safe naƙuda ta kama 'yarmu, jini ya ɓalle. Mun kira motar asibiti, mun kira mijinta, waya ba ta shiga. Kafin maƙwabci ya samo mota... a hanya ta cika. Sun ciro yaron da rai. Namiji ne.”

Injiniya ya jingina da jikin na'urar. Ɗuminta na ratsa bayansa.

“Ƙarfe nawa?”

“Da tsakar rana. Za ka samu zuwa?”

Ya juya ga Manaja. “Tun safe ka san ni za ka nema. Me ya tsayar da ku?”

Da ƙyar Manaja ya ce, “Sa hannu muke jira, Oga.”

Injiniya ya miƙa masa wayar. Ya goge fuska da hannun riga, ya dubi Dogo a karon farko tun da suka taso.

“Gidana ba nisa. In ga fuskarta kawai kafin a rufe ta.”

Dogo ya kau da kai. “Wallahi da a hannuna yake, da ni zan kai ka. Don aiki kawai alƙali ya ba da aronka.” Ya ciro ankwa daga ƙugunsa. “Kawo hannun, kafin a kulle gidan yari.”